Cut down, cut back, cut out ko do without: wace kalma za ka ɗauka idan za ka yi maganar tsuke bakin aljihu da Turanci?

Akwai wani Alhaji mai shagon tireda a Agege da yake zuwa darasin Turancin da nake koyarwa bayan sallar isha'i. Ranar nan ya shigo da waya a hannu, ransa a ɓace. Mako biyu ke nan motar da take kawo masa taliya da lemon kwalba ba ta tsaya a ƙofar shagonsa ba. Ya ce, "Malam, duba mini abin da na rubuta wa mutanen nan, ni dai ban ga laifina ba." Na karɓa na karanta. Ciniki ne ya ja baya, yana so a rage masa kaya daga katan 20 zuwa 10, sai ya tura wa dilan saƙo ta WhatsApp cewa *please cut off my supply*. Na ce, "Alhaji, ai ba ragi ka nema ba. Cewa ka yi a yanke maka kaya baki ɗaya." Ya yi shiru yana kallon wayar. Da *cut back* ya rubuta, da motar ta zo masa da katan gomansa.

Abin ya tsaya mini a rai, domin maganar ragi ita ce maganar kowa a garin nan. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur, lita ta tashi a Legas daga naira 185 zuwa 488 cikin 'yan kwanaki, ba ta kuma tsaya nan ba. A Afrilun 2024 aka ƙara kuɗin wuta ga 'yan rukunin Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta a rana, daga wajen naira 68 zuwa 225 a kan kowane kilowat na awa guda. Kowa ya ji a jikinsa. Mu kuma da muke zaune a Ikko, daga Mile 12 zuwa Idi-Araba, daga Obalende zuwa Alaba Rago, dole wata rana ka yi wannan magana da wanda ba ya jin Hausa, ko dila, ko mai gidan haya, ko likita, ko shugabanka a wurin aiki. Yaranmu kuma suna haɗuwa da kalmomin a jarrabawar WAEC.

Irin waɗannan kalmomi su ne Turawa ke kira *phrasal verbs*. Ni a aji ina ce musu aikatau mai 'yar rakiya, wato aikatau kamar *cut* da wata 'yar ƙaramar kalma take bin bayansa, irin su *down*, *back*, *out* da *off*. 'Yar rakiyar nan ita ke riƙe da ma'ana. Ka canza ta, ka canza zancen.

Ma'aunin da zan auna su da shi

Kafin ka taɓa Turanci, fara tambayar kanka da Hausa: ragewa zan yi, dainawa zan yi, ko haƙura zan yi? Bahaushe bai taɓa rikita waɗannan ukun ba. Wanda ya rage cin goro daban, wanda ya daina daban, wanda ya haƙura don babu kuɗin saye shi ma daban. Idan ka amsa wannan, rabin aikin ya ƙare. Sauran rabin kuma abu huɗu ne.

Na farko farashi. Kalma ba a sayen ta da kuɗi, amma tana ɗora wa mai faɗinta nauyi. Magana zarar bunu ce. Idan ka gaya wa likita ka daina abu, zai rubuta ka daina, ya gina shawararsa a kai. Na biyu ɗorewa: kalmar tana nuna abu na ɗan lokaci ne har kasuwa ta gyaru, ko kuwa rabuwa ce ta har abada? Na uku sauƙi, wato yadda take zama a jimla ba tare da ka yi tuntuɓe ba. Na huɗu haɗari: idan harshenka ya zame kaɗan, me mai sauraro zai ɗauka kake nufi?

Cut down on

Wannan ita ce "ragewa" ta yau da kullum, musamman abin da yake shiga baki ko ya zama ɗabi'a: sukari, gishiri, shayi, sigari, kallon waya. *I am cutting down on sugar* na nufin ina rage shan sukari, amma ban bari ba. Mai shan shayi da cokali uku ya koma ɗaya, ya yi *cut down*.

Farashinta da sauƙi, domin ba ta ɗaure ka da adadi. Ba ta kuma yi maka alkawarin dindindin ba, sai dai kunnen Bature yana jin ƙamshin niyyar gyara hali a cikinta, kamar mutumin da ya ga abin ya yi masa yawa. Shi ya sa ita likitoci suka fi furtawa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada babba ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato ƙasa da ƙaramin cokalin shayi guda, kuma idan likita yana yi wa mai hawan jini wannan bayani, *cut down on salt* za ka ji ya ce.

Wajen sauƙi, sharaɗi ɗaya gare ta: kada ka yar da *on* idan za ka ambaci abin da kake ragewa. *Cut down on meat*, *cut down on it*. Idan ba ka ambaci abin ba, *on* ta faɗi: *I am trying to cut down*. Kuma *cut* ba ya canza kama a shuɗaɗɗen lokaci, jiya *cut*, yau *cut*. Babu wata kalma wai ita *cutted*, ko da yake ina yawan ganin ta a littattafan ɗalibaina.

Haɗarinta ɗaya ne, *cut down* ba tare da *on* ba ita ce kalmar sare bishiya. *They cut down the tree* na nufin sun kayar da ita daga gindi. A maganar kuɗi da abinci ba kasafai wannan ke rikita mutum ba, amma ya isa ya sa ka riƙe *on* da kyau.

Cut back on

Wannan 'yar uwar ta farko ce shaƙiƙiya, kuma a nan ne mafi yawan masu tambayata suke tsayawa. Gaskiyar magana, a jimloli da yawa za ka iya cire ɗaya ka sa ɗaya ba wanda zai ɗaga gira. *Cut back on sugar* daidai ne, *cut down on spending* ma daidai ne. Duk malamin da ya ce maka akwai katanga a tsakaninsu ya ƙara gishiri.

Amma akwai inda kowace ta fi karkata. *Cut back* ta fi zama a maganar kuɗi, kasafi da harkar kasuwa: kuɗin mota, man janareto, data, yawan kayan da ake sarowa. Duk wanda ya taso a gona zai gane asalinta nan take, domin ita ce kalmar datse rassan shuka don ta sake toho. Ba ka taɓa gindi ba, ka dai rage mata yaɗo. Wannan hoton ne yake ba ta ɗanɗanon abu na ɗan lokaci: an matsu, an ja baya, idan Allah ya buɗa a koma yadda ake. Idan magidanci ya ce *we have cut back on fuel*, mai sauraro zai fahimci yanayi ne ya sa, ba wai fetur ya zama abin ƙi ba.

Saboda haka farashinta ya fi na kowace araha a wurin ɗan kasuwa. Ba ta zubar maka da mutunci a gaban dila, ba ta rufe ƙofa. Tana da sassauci kuma, za ka iya cewa *cut back on my order*, ko ka ambaci adadi kai tsaye, *cut my order back to 10 cartons*. Na biyun na fi so, domin adadi yana kashe gardama. Shi na sa Alhaji ya rubuta a daren nan.

Abu ɗaya za ka kiyaye. Idan aka haɗe ta ta zama suna, *cutback* ko *cutbacks*, tana ɗaukar nauyin da aikatau ɗin ba shi da shi. Idan ka ji ana maganar *cutbacks* a kamfanin da kake aiki, sau da yawa rage kasafi ake nufi, kuma rage ma'aikata kan biyo baya. Kada ka furta ta a gaban yaran shagonka alhali man janareto kawai kake nufi, za ka tayar musu da hankali a banza.

Cut out

A nan aka bar ragi aka shiga dainawa. *Cut out* na nufin cire abu ɗungurungum daga abincinka ko daga lissafinka. *I have cut out soft drinks*, na daina shan lemon kwalba, ko kurɓi ɗaya. Farashinta da tsada ke nan, domin ba ta bar maka kafar komawa ba. Ɗorewarta ta danganta da abin da ka ƙara mata, kana iya cewa na wata uku ne, amma idan ba ka faɗi lokaci ba za a ɗauka ka rabu da abin.

Wannan bambanci ba wasa ba ne. Wani dattijo mai shayi a layinmu, wanda nake sayen biredi da ƙwai a teburinsa, ya je asibiti da ɗansa a matsayin tafinta. Da suka dawo yaron ya ce, "Baba, cewa aka yi ka rage sukari." Da yamma dattijon ya miƙo mini takardar da aka ba su, ya ce, "Malam, karanta mini da kanka." A rubuce *cut out* ne, ba *cut down* ba. Na ce, "Baba, abin da ke nan shi ne a bari gaba ɗaya. Ku koma gobe a tambayi likitan da kyau." Yaron bai yi ƙarya ba, *cut* ɗin ya ji, 'yar rakiyar ta wuce shi. Tun ranar nake gaya wa duk mai raka iyayensa asibiti cewa idan ya ji *cut*, ya kasa kunne ga kalmar da ke biye, in bai tabbata ba ya sake tambaya, ba abin kunya ba ne.

Wajen sauƙi tana da 'yar wuya. Idan suna ne, gaba ko tsakiya duk ɗaya: *cut out sugar* ko *cut sugar out*. Idan wakilin suna ne, dole ya shiga tsakiya: *cut it out*. To nan kuma haɗari ya ɓullo, domin *cut it out!* ita kaɗai tsawa ce, kamar ka ce wa yaro "kai, bari!" Ba a faɗa wa babba. Sannan idan inji ya mutu da kansa ana cewa *the generator cut out*. Ga kuma maƙwabciyarta *cut off*, wadda ta ci Alhaji. Ita ce kalmar yanke wuta, yanke ruwa, katse waya ana tsakiyar magana, ko janye wa mutum tallafin da ake ba shi. Ba ta cikin kalmomin ragi ko kaɗan, na kawo ta ne don ka san ta ka kauce mata.

Give up

Ita ma dainawa ce, amma ta abin da rai yake so. *Cut out* aikin lissafi ne, *give up* aikin zuciya. Ba a cewa an yi *give up* na abin da dama ba a damu da shi ba. *He gave up smoking*, ya bar shan sigari, kuma kowa ya san ya sha fama. Ta fi kowace ɗorewa, ta fi kowace tsada. Aikatau ɗin da zai biyo ta dole ya ɗauki *-ing*, kuma tana sauya kama: *give*, *gave*, *given*.

Haɗarinta biyu. *I give up* ba tare da komai a gaba ba na nufin na sallama, na gaji. Idan kuma ka saka *on* a gaban mutum, *give up on him*, ka ɗebe tsammani da shi ke nan. Ka ga *on* ɗin da ta zama dole a *cut down on*, a nan tana juya ma'ana. Wannan shi ne wurin da sabo ke yaudarar mai koyo.

Do without da go without

Waɗannan su ne "haƙura". Ba ka rage ba, ba ka kuma yi niyyar dainawa ba, abin ne babu, ko kuɗinsa babu, kake rayuwa a haka. *We can do without air conditioning*, za mu iya zama ba na'urar sanyaya ɗaki. A *do without* akwai juriya da wadatar zuci. *Go without* ta fi ɗaci, musamman idan abin na dole ne. Idan aka ce *the children went without food*, an faɗi magana mai nauyi, yara sun kwana da yunwa. Kada ka yi amfani da ita a wasiƙa sai idan da gaske halin da ake ciki ke nan, domin mai karatu zai ɗauke ta da dukan nauyinta.

Suna da sauƙin sarrafawa, ba a raba su: *do without it*, *go without it*. Tarkon yana cikin *could*. Idan mutum ya ce maka *I could do without this noise*, ba haƙuri yake bayyanawa ba, ƙorafi yake yi, hayaniyar ta ishe shi. A bakin 'yan Legas kuwa, abin da ya fi yawa a wannan gurbi shi ne *manage*, kamar *we dey manage*. A kasuwa kowa zai gane ka. A takardar jarrabawa ko wasiƙar ofis, *do without* ce za ta fisshe ka.

Scale back da sauran ƙanana

*Scale back*, ko *scale down*, ta manyan abubuwa ce: shiri, gini, biki, yawan kayan da masana'anta ke fitarwa. Wanda ya shirya walimar aure ta kwana uku ya mayar da ita wuni guda, *he scaled back the wedding*. Ba a yi wa kofin shayi *scale back*. Tana da kamala a rubutu, haɗarinta kaɗan ne, kuma tana ɗaukar *-ed* kamar yawancin aikatau.

*Ease up on* sassautawa ce, mai laushi, ta hira tsakanin abokai. *Lay off* kuwa ina ba da shawarar a bar ta. A hira tana nufin ƙyale abu, amma a wurin aiki ita ce kalmar sallamar ma'aikata.

| Kalma | Da Hausa | Nauyin alkawari | Ɗorewa | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| cut down on | rage | kaɗan | ba ta ƙayyade ba | sai an riƙe on | kaɗan |
| cut back on | rage, ja baya | kaɗan | ta ɗan lokaci | mai sauƙi | cutbacks na tsorata ma'aikata |
| cut out | daina, cire | babba | doguwa | it na shiga tsakiya | babba, tana kusa da cut off |
| give up | bari, rabuwa | mafi girma | ta dindindin | tana neman -ing | on na juya ma'ana |
| do without | haƙura | matsakaici | har a samu | mai sauƙi | could na mayar da ita ƙorafi |
| go without | rasa, haƙura dole | babba | har a samu | mai sauƙi | tana nuna tsananin rashi |
| scale back | ƙanƙanta shiri | matsakaici | ta ɗan lokaci | mai sauƙi | kaɗan |

Wani zai ce, to me ya sa ba za a tsaya a kan *reduce* a huta ba? Tambaya ce mai kyau, kuma ni ba na raina *reduce*. Kalma ce guda, ba ta da 'yar rakiya, ba ta zamewa. Idan kuɗi mai yawa ne a tsakani kuma zuciyarka tana ɗar-ɗar, rubuta *reduce* ka sa adadi. Abin da ba za ta yi maka ba shi ne jin abin da wasu ke faɗi. Likita da dila da takardar jarrabawa ba za su daina amfani da *cut down* da *cut out* don kai ka guje su ba, dole kunnenka ya san su ko da bakinka bai saba ba.

Wa ya kamata ya ɗauki wace

Ɗan kasuwar da yake so ya rage sari ba tare da ya ɓata da dilansa ba, *cut back* ce tasa, tare da adadi a cikin jimlar. Haka magidancin da yake yi wa iyali ko abokin aiki bayanin cewa ya rage tayar da janareto ko ya koma shiga bas ɗin BRT maimakon fita da motarsa.

Mai magana a kan abinci da lafiya ya fara tantance ko ragi ne ko bari. Idan ragi ne, *cut down on*. Idan an hana shi ne, *cut out*. Idan ɗabi'a ce da ya daɗe yana fama da ita kamar sigari, kuma ya yanke shawarar rabuwa da ita, *give up* ce za ta faɗi abin da ke ransa, amma kada ya furta wa likita ita sai ya bari da gaske.

Mai rubuta wasiƙar neman sassauci, ko ga mai gidan haya ko ga makarantar yara, *cut back on* za ta nuna yana ƙoƙari, *do without* ta nuna abin da ya haƙura da shi. Ya ajiye *go without* sai inda tura ta kai bango. Ma'aikacin ofis da sakataren ƙungiya masu rubuta rahoto su ɗauki *scale back* ga shiri da taro, *reduce* ga alƙaluma.

Ɗalibin da ke shirin WAEC kuwa, kada ya haddace su a jere kamar lissafin kaya. Ya ɗauki kowace ya sa ta a jimlar da ta shafi gidansu, ɗaya a kan kuɗin data, ɗaya a kan fetur, ɗaya a kan shayin safe, ya rubuta fassarar Hausa a ƙarƙashinta. A shafi na daban ya rubuta *cut out* da *cut off* gefe da gefe, ya ja layi a ƙarƙashin 'yar rakiyar kowace, ya riƙa duba shafin har ranar jarrabawa.